Butar Shayin Ilu

Juma'a da dare, Abu Hail, 2006

Yau ne tseren jiragen ruwa na kulob na farko da na yi babu abokina Ilu. Tare muka zaɓi tsohon jirgin nan mai tafiya da iska, shi ya nace a kansa don yana da wurin dafa shayi. Bayan rasuwarsa abokan tsere suka ce in rage wa jirgin nauyi. Na cire risho da benci da butarsa.

Mu muka fara isowa. Amma alƙalin tsere, wani Balarabe, ya ce, "Habibi, jirginku ya rage nauyi, dole a ƙara muku lokaci." Muka koma na biyar.

Da kowa ya watse na sauka cikin jirgin, na rasa inda zan zauna.

Allah ya jiƙanka, Ilu. Gobe zan mayar da butarka, ko da kullum mu ne na ƙarshe.