Ku Daina Auna Wahalar Karatunku

Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina garau yake, jiki ne kawai ya gaza. Na ƙarar da ƙuruciyata a ɗan ofishin nan na ƙarƙashin matakalar kwaleji ina koya wa 'ya'yan mutane dabarun karatu, sai ga nawa uku karatu ya raba kansu.

1. Gida a raba shi yadda addini ya tsara. Alfarma ɗaya nake roƙo: ɗakin baya mai tebur da taga ya faɗa rabon Auta.

2. Likita, kai ne babba. Ban manta ramar da ka yi ba, daga aji sai asibiti. Amma ku an ba ku masu yi muku bita da ɗakin karatu naku na kanku. Ƙanwarka da ta karanta tarihi tula mata littattafai aka yi, babu mai nuna mata ta inda za ta kama, wai nasu karatun hutu ne. Kai ma haka ka faɗa ranar da ta kammala, a gaban baƙi. Har yau ba ta taka gidanka ba. Ka je da ƙafarka, kada ka aika matarka.

3. Malama, ke ma bakinki bai kuɓuta ba. Da lissafin injiniya ya fi ƙarfin Auta, ya zo ofishina kamar kowane ɗalibi. Ke kika ce masa wurin daƙiƙai ne, yayanku yana dariya. Bai ƙara leƙowa ba, ƙarshen shekara aka sallame shi. Yau yana gyaran janareta. In naku ya lalace kun san lambarsa, in ana shawarar gida kun manta ta. Wannan ya fi ciwon nan cina.

4. Littattafaina kada ko ɗaya ya koma kwaleji. Ina barin aiki suka mai da ofishin ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ku ba da littattafan ga jikata, 'yar Likita, da za ta shiga kwaleji bana. Kowane fanni ta ɗauka, in ta ce ya yi mata nauyi, ku yarda da ita.

Kun sha tambayata wa ya fi shan wahala a cikinku. Na sani, kuma da amsar za a binne ni.

Na yafe muku, ko da yake ba da sauƙi ba. Allah Ya yi muku albarka, ku da zuri'arku. Ku riƙe juna, kada makokina ya zama zamanku na ƙarshe a ɗaki ɗaya.