Saƙon likita bai faɗi suna ba

Yaya Hashimu,

Na tarar kana barci, ban tashe ka ba. Da safen nan saƙon murya ya shigo wayar gida daga gidan likita. Matar da ta yi magana ta ce sugan da aka auna jiya ya hau sosai, a ajiye azumi, a zo yau. Amma ba ta faɗi suna ba! Ka san lamba ɗaya muka ba su don Inna da Gwaggo Uwa, kuma tare aka auna su.

Inna ta ce da Gwaggo ake. Gwaggo ta ce ita lafiyarta lau, Inna ce mai zuba sukari a kunu. Kowacce ta riƙe azuminta. Na kira lambar da ta turo saƙon har na gaji, ba a ɗauka. Ni dai kaina ya ɗaure.

Na tafi gidan likitan da wayar, su saurara su gaya mini.

Don Allah kar ka fita. Wadda duk ka ga jiri na ɗibarta, ka ba ta ruwa, ko za ta zage ka. Azumi za a rama. Su biyun nan kuwa ba mu da wasu.

Fadila