Sunana a Bangon Makaranta

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya maigidanki da yara? Ni lafiya lau. Gwiwa ce kawai ke gardama da matakalar gidan wankin da nake aiki a nan ƙasar waje, amma muna sasantawa.

Na daɗe ina jin wai wanda ya shekara da shekaru bai yi zaɓe a gida ba, akan goge sunansa tare da na mamata. Na ce zancen shan iska ne. Sai jiya ga ambulan ta gidan waya, wai baƙon da ya daɗe a unguwar nan yana iya zaɓen kansila. Mutanen da sunana ke karya musu harshe sun rubuta shi daidai.

Tun daga nan, ko ido biyu nake, sai in ga layin zaɓenmu, marigayiya mahaifiyarki tana nuna min hulata ta karkace.

Ki leƙa bangon makaranta, inda ake liƙa sunayen masu zaɓe, kafin a rufe gyaran rajista. Nata na san an cire. Duba min nawa, Allah ya yi miki albarka.

Hankalina ya tashi ne don wanda ya faɗa min zancen gogewar nan na ƙarshe shi ne kawunki direba. Nasa aka goge, alhali da ransa, har ƙiba yake yi.

Babanki