Gandun Baba

Asabar, 11 ga Mayu, 1963
Ruwan shuka ya sauka a Likoro, ƙasa ta jiƙu sosai. Ja'afaru bai dawo ba. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu Baba ya bar wa gandu, kuma har ya rasu maganarsa ɗaya ce: kada a raba gona, kada a raba tukunya. Bayan girbi yaron ya tafi Kaduna cin rani kamar kowa. Wai ya sami aikin masaƙa. To, rani ya ƙare.

Laraba, 22 ga Mayu
Ni kaɗai na gama shuka. Ƙuguna kamar ba nawa ba. Wani mai mota ya kawo saƙo daga Ja'afaru, turmin atamfa na Inna da na matarsa Huseina, da cewa ba a ba su hutun damina. Na ce da mai motar, atamfa ake tuƙawa a ci? Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Jumma'a, 14 ga Yuni
Ciyawa ta fi dawa tsawo. Zan kira gayya, yadda Baba yake yi in aiki ya fi ƙarfin gida. Bayan masallaci na bi gida gida da goro ina ba iyayen samari, su turo 'ya'yansu ranar Asabar ta sama. Kowa ya karɓa da hannu biyu, “Allah ya kai mu.” Na san samarin da yawa suna Kaduna da Kano, amma tunda an karɓi goro ai an yi magana. Za su aika a kira su ke nan. Na gaya wa Tanko mai gangar noma. Na ware akuya.

Asabar, 22 ga Yuni
Ban so rubuta wannan ba.
Indo matata da Huseina tun asuba suke kan wuta, tuwo tukunya tukunya, ga fura a ƙwarya. Na yanka akuya. Na isa gona ina jiran hayaniyar samari, sai ga tsofaffi suna tafe ɗaya bayan ɗaya, kowa da garmar ɗansa a kafaɗa. Malam Sama'ila ma, wanda ya yi karatun allo tare da Baba, yana jan ƙafa. Ashe babu wanda ya iya buɗe baki ya ce mini ɗansa ba zai zo ba. Goro kuwa an ci, sai su zo da kansu. Ni da na ba su, ban tsaya na tambaya ba.
Na ce, “Baba Sama'ila, don Allah ka zauna inuwa.” Ya ce, “Datti, goronka yana cikina, ba ni wuri.” Na rasa inda zan sa fuskata.
Tanko ya ga aiki ba ya tafiya, sai ya shiga kiɗan taken samari, wai ko iyayen za su ji ƙarfi. Kowane manomi a garin nan da takensa, da an kaɗa an san wa ake kira. Ya bi su ɗaya ɗaya har ya zo kan na Ja'afaru. Gonar ba ta da nisa da gida. Can sai muka ji guɗa. Inna ce, ta fito da sandarta, mayafi yana ja a ƙasa, tana cewa, “Ya zo? Ina yake, auta ya zo?”
Tanko ya ajiye makaɗi. Babu wanda ya ɗaga kai. Ni na kama hannunta na mai da ita gida.
Ko rabin gonar ba a yi ba. Tuwo har maƙwabta aka bi da shi.

Litinin, 24 ga Yuni
Malam Sama'ila yana kwance da ciwon baya. Na je dubiya, shi yake ba ni haƙuri.

Talata, 16 ga Yuli
Jiya na dawo daga Kaduna. Na je in taho da Ja'afaru ne, ko da faɗa.
Garin ba shi da ƙarshe. Inda mai mota ya ce bara daji ne, yanzu kwano ne yake ƙyalli. Da jiniyar masaƙa ta yi ƙara, sai ga mutane sun ɓarko daga ƙofa, a ƙasa da kan keke, na ja baya don kada a take ni. A cikinsu na ga 'yan Kudan, na ga 'yan Kurmin Kogi, na ga duk waɗanda na ba iyayensu goro. Suna ta durƙusa mini a gefen titi da auduga a gashin kansu.
Ja'afaru ya kai ni ɗakinsu, su da yawa a ciki, ko wurin miƙe ƙafa babu. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Da na riƙe hannunsa na ji kantar garma ta tafi, laushi kamar na mai jego. Na faɗa masa haka, abokansa suka yi dariya.
Na ba shi labarin guɗar Inna. Ya yi kuka sosai. Na ce shi ke nan, gobe mu kama hanya. Ya share ido ya ce, “Yaya, in na tafi sati ɗaya wani zai hau injina. Akwai mutane a bakin ƙofa kullum suna jira.” Daga baya, murya ƙasa ƙasa, “Ko a fitar mini da nawa, a ba wani aro, kada ka kashe kanka.”
Na ce muddin ina numfashi ba za a ja iyaka a gonar Baba ba. Ko abincinsa ban ci ba.
Ruwan famfonsu dai akwai sanyi. Na sha.

Alhamis, 8 ga Agusta
Ya aiko a kai masa Huseina, ya kama ɗaki. Inna da kanta ta ɗaure mata kaya, har da 'yar tukunya da muciya. Na ce tukunyar me? Inna ta ce, “Can ma ai ci za su yi.” Na fita.

Lahadi, 1 ga Satumba
Gefen gabas ciyawa ta cinye, na daina zuwa duba shi. Gefen rafi dawa ta yi kyau, alhamdu lillahi.
Yau na tono saiwar gamba a bakin fadama na dasa a gona. Muna buƙatar zana baɗi, dangar gida duk ta zube. Layi ɗaya na yi, daga gindin ɗorawa zuwa hanya. Malam Sama'ila ya zo wucewa, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, “Ka raba daidai, Datti. Ɗorawar ma ta faɗa rabon Ja'afaru.”
Na ce masa gamba ce kawai.
Ban gaya wa Inna ba tukuna.