Baba ya ce azumi yake

Yaya Ɗanbaba,

Na tafi asibiti a ɗinke min goshi. Jinin da za ka gani a ƙofar ɗakin Baba nawa ne.

Ka yi masa allurar suga da safe ka wuce kasuwar Farin Gada, ba ka tsaya ka ga ya ci komai ba. Da na kai masa koko sai ya ture, wai azumi yake, alhali mun yi sallah tun tuni. Kafin hantsi sugansa ya faɗi, gumi ya jiƙa shi sharkaf, idonsa ya juye. Ya shaƙe ni ya gwara kaina da bango, da irin ƙarfin da yake kayar da bijimi a Abatuwa. Maƙwabciyarmu Maman Chisom ce ta ɓamɓare shi, muka danne shi, na goga masa zuma a dasashi har ya dawo hayyacinsa. Tana tare da shi, wuƙaƙensa na fawa kuma suna gidanta.

Kada ka ɗaure shi, kada ka kira mai ruƙiyya, ba aljanu ba ne. Allura ce a kan yunwa. In ya ƙi ci, ka ce masa an sha ruwa. Kada ka sake taɓa allurar nan sai na ji daga bakin likita.

Ka wanke jinin kafin ya fito. Bai san shi ya yi ba. Da zan fita ya riƙe hannuna yana tambayar wanda ya fasa wa 'yarsa kai, wai in nuna masa shi.

Adama