Ɗakuna Huɗu a Kulle Saboda Jirgin Ruwa

Zuwa ga Baba Alhaji Ɗantani, shugaban amintattun gidan wakafi na unguwar Ruwais.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi, ni ce Rabi, jikar marigayiya Hajiya Kaltume, wadda kuka damƙa wa makullan gidan. Na rubuto a fili ne don na gaji da faɗa a ɓoye.

Na ɗaya. Kakata ta zo ƙasar nan mai tsarki da ƙafa ta Sudan, ta tsallako teku, ta yi shekaru tana soya ƙosai a unguwar Balad har ta mallaki gidan. Da ta yi wakafinsa, aka rubuta cewa na matanmu ne da suka sauko daga jirgin ruwa ba su da masauki. A zamaninta wa ya san wata hanya? Yau kowa ta sama yake zuwa, takarda kuwa tana nan yadda take, naɗe a tsohon mayafi cikin akwatinku.

Na biyu. Watan jiya Inna Hadiza, dattijuwa ’yar Damagaram, ta zo da ƙullin kayanta. Mijinta ya rasu a unguwar Khumra, kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, ya karɓe ɗakin. Na kira ku, kuka ce in bi takarda. Baba, da bakin nan nawa na tambayi sa’ar mahaifiyata ko a wane jirgi ta zo. Ta dube ni ta ce, "’Yata, na sama ne. Halas, shi ke nan, Allah ya ba mu alheri." Ta juya, ni kuwa makullan ɗakuna huɗu da babu kowa ciki sai kyanwoyi suna hannuna. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Laifina ne ni ma, tsoron ku ya fi mini ƙarfi.

Na uku. Cikin amintattu uku da takardar ta ambata, biyu sun riga mu gidan gaskiya. An taru sau nawa a kan gyara? Sai a sha shayi, wani ya ce ba a taɓa maganar mamaci, a shafa fatiha a watse. Na tambayi masana, sun ce doka ta ba da hanya: amintacce ya kai wa alƙali, a sabunta sharaɗin bisa nufin mai wakafi. Sa hannunku kaɗai ake jira.

Ina roƙo ku fito da takardar mu kai kotu, a cike gurbin mamatan, a rubuta cewa gidan na duk macenmu ce da ta rasa masauki. In ba za a yi ba, ku aiko a karɓi makullan, ba zan sake korar kowa ba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama da duniya lafiya. Inna Hadiza tana kwana a barandar wani sito yanzu. Da na je ba ta haƙuri, ita ta riƙa lallashina, har ta ce in gaishe ku.

Wassalam.

’Yarku,
Rabi