Murhun Mama da 'Yan Raguna

Gundumar Mayo, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙugun yana warkewa, kuma Anti Gobnait tana kula da ke.

Ba zan manta da safiyar Litinin ɗin nan ba. Na sauko ba takalmi, na taka daɓen kicin, na ji shi da ɗumi kamar bayan kyanwa. Shekara uku da aurena, sai ranar na cire rigar sanyi a cikin gidan nan. A kan matakala na zauna da littafina, ban tashi ba sai da yarinyar cikin labarin ta auri likitanta.

Kin san ɗanki Fintan, ba zai faɗa miki ba. An sa mana inji mai zuƙo ɗumi daga iskar waje, ya watsa ko'ina a gida. An cire tankin kananzir. Babban murhunki na ƙarfe mai kananzir kuma yana rumfar tarakta, a rufe da tamfol.

Ki huta lafiya.
Surukarki, Dervla

Galway, 9 ga Fabrairu

Dervla,

Na amsa gaisuwa, tunda haka aka koya mini.

Ashe jira kike likita ya kwantar da ni. Shekara arba'in da ɗaya murhun nan yana ci, ko ranar da aka binne uban Fintan bai mutu ba.

Wata mai zuwa tumaki za su fara haihuwa. Ɗan ragon da sanyi ya sandarar, a tandar da ke ƙasan murhun muke sa shi, a bar ƙofar a buɗe, kafin shayi ya yi ya miƙe yana kuka. Ke ina za ki sa shi, uwar karatu? A kan matakala?

Allah ya shirye ki.
Attracta Geraghty

Mayo, 14 ga Maris

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan kin ajiye sanda.

Gara ki ji daga bakina. Jiya da safe Fintan ya shigo da ɗan rago ɗaya a cikin kwat ɗinsa, jiƙe sharkaf. Na naɗe shi da tawul, na kwantar a daɓe. Gidan ko'ina ɗumi, amma babu inda yake da zafi. Na sa shi cikin rigata, na yi ta murza shi. Kafin sha ɗaya ya mutu a ƙirjina. Na yi kuka, in hakan zai faranta miki.

Amma Mama, wa ya taɓa jin ɗumin murhun nan in ba ke da raguna ba? Kujera ɗaya ce a gefensa, taki. Ni warin kananzir kawai nake samu a saman bene. Yau Fintan ya sayo akwatin ɗumama raguna, an ajiye a garke.

Taki, Dervla

Galway, 19 ga Maris

Dervla,

Lafiyata ƙalau, kada ki saka rai.

Akwati! A garke, inda ba idon kowa. A kicin mace tana aikinta tana kallon numfashinsa, amma ke idonki yana kan likitocin cikin littafi.

Na yi magana da ɗana a waya. Ya ce, "To, Mama." Ran Juma'a Tadhg mai gyara zai mayar da murhun inda yake, da ƙaramin tanki. Bai faɗa miki ba ko? Ran Lahadi ina tafe. In ban tarar da shi yana ci ba, a motar da ta kawo ni zan juya, kuma ba zan sake taka gidan ba.

Allah ya ba ki hankali.
Attracta Geraghty

Mayo, 22 ga Maris

Mama,

Barka da samun sauƙi.

Na tambayi Fintan. Ni ma ya ce mini, "To," ya ɗauki hularsa ya tafi wurin tumaki.

Na gyara miki ɗakinki, kujerarki tana bakin taga. Na faɗa wa Tadhg kada ya wahalar da kansa. Jiya na kira mai sayen tsohon ƙarfe, ya zo da mutum huɗu sun ɗauke murhun.

Allah ya kawo ki lafiya.
Dervla